Da Wane Mudu Ake Auna Makaranta?

  

In dai maganar awo ce, babu mai koya wa mace. Kowace ɗaya daga cikinmu ta san mudun da aka bubbuge wa gindi don ya rage ci, ta san bambancin awon da aka yi wa tsororuwa da wanda aka shafe bakinsa. Ko yaro kika aika ya auno miki shinkafa, da ya dawo kin ɗaga ledar kin san an cuce ki ko ba a cuce ki ba. In kifi aka kawo miki daga kasuwa, sai kin buɗa kunnensa kin duba kafin ki biya. To amma abin mamaki, ga abin da ya fi shinkafa da kifi tsada a wurinmu, wato 'ya'yanmu, kullum safiya sai mu wanke su mu miƙa su makaranta, shekara shida, shekara tara, shekara goma sha biyu, ba mu taɓa tambayar da wane mudu ake auna abin da ake zuba musu a ka ba. Abin da muka sani kawai shi ne an ce makarantar kaza tana da kyau. Wa ya ce? An dai ce.

Bari mu fara da mudun da hukuma take aiki da shi, domin ya kamata kowace uwa ta san shi. Idan yaro ya kai aji shida na sakandare, yakan zauna jarrabawar fita. Akwai ta hukumar WAEC, wadda aka kafa tun 1952, akwai ta NECO, wadda aka kafa a 1999 ta kuma fara shirya tata jarrabawar a 2000. A kowane darasi ana ba yaro maki daga A1 zuwa F9. Daga A1 zuwa C6 shi ake kira kiredit, D7 da E8 an tsallake da ƙyar, F9 kuwa an faɗi. Abin da manyan makarantu suka saba nema shi ne kiredit biyar, a ciki har da Turanci da Lissafi. Saboda haka da sakamako ya fito, sai a ƙirga yara nawa ne cikin ɗari suka samu waɗannan biyar ɗin a kowace makaranta. Wadda ta fi yawa ita ce ta ɗaya. Ita za a faɗa a rediyo, ita za a ba kofi, shugabanta shi zai sha hannu da manya. Gwamnatin tarayya ma tana da tata karramawar, wadda akan yi a Abuja ranar 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, inda akan zaɓi makarantu da malamai da shugabannin makarantu a ba su kyauta, wani lokaci har da mota. Ba mu kaɗai ba ne. Amurka ta yi irin wannan shiri na karrama fitattun makarantu tun daga 1982 har zuwa 2025.

Ni ban ga laifin yabo ba ko kaɗan. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici. Malamin da ya sha ƙurar alli shekara da shekaru, in aka kira sunan makarantarsa a bainar jama'a, wallahi ya cancanta, kuma na baya za su ji ƙaimi. Makarantar gwamnati kuwa dole a auna ta, domin da dukiyar jama'a aka gina ta, kuma ita ce gatan talaka. Mai hali in makaranta ba ta yi masa ba, sai ya ɗauke ɗansa ya kai ta kuɗi. Ni da ke fa? Inda aka ajiye mu nan muke. Don haka mu muka fi kowa bukatar a yi awon, kuma a yi shi da mudu na gaskiya. Damuwata ita ce wannan mudu na kiredit biyar, in aka riƙe shi shi kaɗai, yana da ramuka, kuma ta cikinsu haƙƙin 'ya'yanmu yake zurarewa.

Mu mutanen ƙasar Haɗeja mun san bambancin fadama da tudu. Ga manomi a bakin kogi wajen Auyo, ƙasarsa baƙa wuluk, ruwa na kwance, ya yi shinkafa da damina, ya yi alkama da tattasai da rani. Ga wani can arewa wajen Birniwa, gonarsa jigawa ce, yashi zalla, sai abin da sama ta ba shi. Idan kaka ta yi aka jera buhunansu, aka ce na fadama ya fi iya noma don buhunansa sun fi yawa, an yi adalci ke nan? Wataƙila ma na tudun ya fi shi zufa da dabara. To haka makarantu suke.

A 1977 tsohuwar Jihar Kano, lokacin muna cikinta, ta kafa makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. A 1981 aka buɗe ta 'yan mata a Taura, daga baya aka ƙara da Jahun da Kafin Hausa. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, sai Taura da Jahun da Kafin Hausa suka faɗo a rabonmu. A zamanin mulkin Sule Lamido kuma aka gina makarantar yara masu hazaƙa a Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu. Waɗannan makarantu sun yi wa ƙasar nan aiki, likitoci da injiniyoyi da yawa daga cikinsu suka fito, babu mai musun wannan. Sai dai ki lura da abu ɗaya: ba a shiga su sai da jarrabawa. Tankaɗe ake yi da rairaya, a tsince zaƙaƙuran yara daga ko'ina a tara su wuri ɗaya, a ba su wurin kwana da abinci da ɗakin gwaje-gwaje. Ita kuwa makarantar jeka-ka-dawo ta unguwarku, duk wanda ya zo nata ne: mai ƙoƙari da mara ƙoƙari, wanda ya karya da wanda ya fito da yunwa, da yarinyar da sai ta gama tallan ƙosai sannan ta sa kayan makaranta. In aka jera sakamakon waɗannan biyun aka ce wannan ta fi waccan, ai an gwada fadama da jigawa ne.

Turawan Ingila sun fara buga jerin makarantu bisa sakamako a 1992. Da tafiya ta yi tafiya suka gane abin da nake gaya miki, sai a 2016 suka fito da wani ma'auni daban ga makarantun sakandare. Sai su duba matsayin da yaro yake lokacin da ya gama firamare, su duba inda ya kai lokacin da ya gama sakandare, su gwada shi da sauran yaran da suka taso daga matsayi ɗaya. Abin da makaranta ta ƙara masa, shi ne nata. Wannan ai ba sabon abu ba ne a wurin mace. Mai kiwon da ta sayi ramammen rago ta mayar da shi na layya, ita ce gwana, ba wadda ta sayo ƙosasshe ta ɗaure shi kwana uku ba.

Rami na biyu ya fi wannan ciwo, domin mu mata ya fi shafa. Idan aka ce miki yara casa'in cikin ɗari sun ci jarrabawa a makarantar kaza, ki tambaya: cikin ɗarin su wa? Bari in ba ki misali da lissafin da kowa zai gane. A ce 'yan mata ɗari suka shiga aji ɗaya. Kafin a kai aji uku, talatin sun bari: wata an cire ta don talla, wata nisa ya yi mata yawa, wata ta fara girma makarantar kuma babu makewayi, kunya ta hana ta komawa. Kafin aji shida wasu talatin sun tafi, har da waɗanda aka aurar ba tare da an yi sharaɗin ci gaba da karatu ba. Saura arba'in. Kin san kuma a Kano da Jigawa an shekara da yawa ana yin jarrabawar tantancewa a aji biyar, wadda yara suke kira kwalifayin, wanda ya ci gwamnati ta biya masa kuɗin jarrabawar fita, wanda bai ci ba sai iyayensa su nema. A ce ashirin suka haye, sauran kuma iyayensu ba su da hali. Cikin ashirin ɗin nan sha takwas suka samu kiredit biyar. Me za a rubuta? Casa'in cikin ɗari! A buga tafi, a ba da kofi. Alhali kuwa gaskiyar magana sha takwas ne cikin ɗari. Sauran tamanin da biyun fa, wa ya ƙirga su? Suna nan cikin gidajenmu, wasunsu ma su ne suke karanta wannan ɗan littafi yanzu.

Shi ya sa nake cewa makarantar da ta riƙe yaranta har ƙarshe, ta bi sawun wadda ta daina zuwa har gida, ta lallashi iyaye, ta zaunar da mai ƙoƙari da mai rauni duka a ɗakin jarrabawa, ko da rabinsu ne suka ci, ta fi wadda ta zubar da masu rauni a hanya don sunanta ya fito fes. Amma a mudun da ake aiki da shi, ta farkon ita ce a ƙasa.

Rami na uku kowa ya san shi, sai dai ba a son faɗa: satar amsa. Duk lokacin da aka ɗora girma da kyauta da ƙarin matsayi a kan lamba ɗaya, to za a samu masu neman lambar ta kowace hanya. Ba halin baƙar fata ba ne kawai. A birnin Atlanta na Amurka, an matsa wa malamai lamba a kan sakamako har suka riƙa zama suna goge amsoshin yara suna gyarawa, a 2015 kotu ta kama mutum 11 daga cikinsu da laifi. A Kenya kuwa, a 2014 gwamnati ta hana buga jerin makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, saboda gasar ta kai ana maguɗi, ana kuma hana yara masu rauni zama jarrabawa. A nan gida akwai dokar hukunta maguɗin jarrabawa tun 1999, kuma hukumomin jarrabawa sukan soke sakamako, sukan janye amincewa daga makarantar da aka kama. Duk da haka abin bai mutu ba, domin mu iyaye muna cikin masu ba shi ruwa.

Wata yarinya a unguwarmu ta taɓa kawo mini takardar neman shiga makarantar koyon aikin lafiya in taya ta cikewa. Sakamakonta abin sha'awa, kiredit takwas, har da Turanci da Lissafi. Uwarta ta yi rabon alewa da ya fito. Na ce mata to bismilla, rubuta layi uku ki faɗi dalilin da ya sa kike son wannan aiki. Muka zauna shiru, biro na rawa a hannunta. Can sai hawaye. Ta ce mini, "Wallahi Yaya a allo aka rubuta mana, mu dai kwafa muka yi." Ashe a shekarar ƙarshe an cire ta daga makarantarsu an kai ta wata can, inda aka ce ba a faɗuwa, aka biya kuɗin da aka kira na taimako. Uwar ta sayar da akuyarta biyu don wannan. Ba mugunta ta yi ba, so ne, amma irin son da yake yanka. Yarinyar nan ta tafi jarrabawar shiga, ta dawo ba ta ci ba, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ni kuwa har ga Allah na yi mata baƙin ciki, na kuma yi wa kaina da ke murna. Domin da ta samu ta wuce da wannan takarda, wata rana ita za ki tarar a ɗakin haihuwa da tsakar dare, riƙe da kwalbar allurar da ba ta iya karanta abin da aka rubuta a jikinta ba. Kin ga ke nan maganar awon makaranta ba ta 'yan boko ba ce su kaɗai. Magana ce ta rai.

Alhamdu lillahi, ita dai wannan yarinya ta yi zuciya. Ta koma ta zauna da ƙannenta tana bin littattafansu daga tushe, ba ta ji kunya ba. Amma shekarun da aka cinye mata fa, wa zai biya ta? Makarantar da ta yi mata haka kuwa, a takarda tana cikin masu abin yabo.

Sai rami na huɗu, wanda ya zama namu na mutanen bakin kogi. Kogin Haɗeja shi ne arzikinmu, shi ne kuma jarrabawarmu. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta sauya, ga kacalla ta toshe hanyoyinsa. In damina ta yi ƙarfi aka sako ruwa daga sama, sai ya fantsama cikin garuruwa. Wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba zai manta ba. A ƙasashen Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri, wasu makarantun ruwa ya shige su, wasu kuma da suke kan tudu su suka zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Aji ya koma ɗakin kwana, ana girki a bakin baranda. A 2020 ma abin biyu ya haɗu, domin tun watan Maris an rufe makarantu saboda annobar korona, watanni yara suna gida. Yaron da ya rasa makonni ko watanni na karatu, littattafansa suka jiƙe, gonar ubansa ta nutse, takarda ɗaya za a miƙa masa ranar jarrabawa da yaron da ko takalminsa bai jiƙe ba. Malamin da ya naɗe wando ya ratsa ruwa, ko ya biya kuɗin kwalekwale daga aljihunsa don ya je ya tara yara a gindin bishiya, babu gurbin da aka tanadar masa a cikin wancan lissafi. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, amma mu sai muka ba da kofin tun miya tana cike da kwano.

To 'yar uwa, kada ki ce ai wannan aikin gwamnati ne, ni ina cikin gida me zan iya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai awon da ke za ki yi a tsakar gidanki, ba ki biya ko sisi ba. A ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fara wani abu a 2005: masu aikin sa kai su bi ƙauyuka gida gida, su zaunar da yaro su miƙa masa takarda ɗaya. A kanta akwai haruffa, sai kalmomi, sai 'yan layuka, sai ɗan gajeren labari irin na 'yan aji biyu. Inda yaro ya tsaya, nan ne matsayinsa, ko da kuwa a aji biyar yake. Haka suke yi da lissafi, daga gane lambobi zuwa ɗebewa da rabawa. Da wannan 'yar takarda suka nuna wa ƙasarsu cewa zuwa makaranta daban, iya karatu daban. Bankin Duniya ma a rahotonsa na 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, yara 70 cikin 100 masu shekara goma ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi, a Afirka kudu da Sahara kuwa abin ya kusa 90 cikin 100. Ki dubi yara goma da suke wasa a ƙofar gidanku, ki yi wannan lissafi a ranki.

Saboda haka yau da daddare, bayan an ci tuwo, kira ɗanki ko ƙanwarki mai aji uku ko huɗu na firamare. Miƙa mata wannan littafi da yake hannunki, ki nuna mata layi biyar ki ce ta karanta da ƙarfi, sannan ki rufe ki ce ta gaya miki abin da aka ce. Kada ki ba ta littafin makarantarsu, domin yara sun iya haddar abin da aka yi ta rera musu, sai ki ga baki na tafiya ido na kallon rufi. In ke ba ki yi boko ba, ba komai, ai kunnenki ya san Hausa: in abin da take karantawa ya fito da ma'ana, za ki ji. Lissafi kuwa naki ne. Ce mata, in mudu naira ɗari bakwai ne, na auni uku na ba da dubu uku, nawa ne canjina? Ki sa ta rubuta a ƙasa ki ga yadda za ta yi. Kada ki daka mata tsawa in ta kasa, ba laifinta ba ne, kuma ba don ki kunyata ta kika yi ba. Bayan wata uku ki sake gwadawa. In ta matsa gaba, makarantar tana aiki, ko da ba a taɓa faɗar sunanta a rediyo ba. In tana nan inda take shekara guda cur, to akwai magana, ko da kofuna sun cika ofishin hedimasta.

Bayan wannan, ki riƙa buɗa jakarta. Littafin rubutu ba ya ƙarya. Dubi kwanan wata: an yi rubutu jiya da shekaranjiya, ko tun wancan watan rabon da a yi? Akwai jan biron malami, ko babu mai dubawa? Ki tambaye ta cikin hira, malamai nawa suka shigo yau? Ku nawa ne a ajinku? A benci kuke ko a ƙasa? Akwai ruwan sha? Makewayin mata daban yake, kuma yana da ƙofa? Wa ya daina zuwa cikin ƙawayenki, kuma an je an tambayi dalili? Amsar waɗannan ta fi kowace lambar yabo gaya miki gaskiyar makaranta.

Kuma kina da ƙofar shiga. Makarantun gwamnati suna da kwamitin al'umma mai sa ido a kansu, wanda ake kira SBMC, ban da ƙungiyar iyaye da malamai. A tsarin kwamitin nan an tanadi kujerun mata, tare da mai unguwa ko dagaci, da malaman addini, da wakilan ɗalibai. Jigawa tana cikin jihohi shida da shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyi, ya yi aikin ƙarfafa waɗannan kwamitoci daga 2008 zuwa 2017. Kujerar tana nan, sai dai sau da yawa babu kowa a kanta, ko kuma an rubuta sunan wata ba ta ma sani ba. Ki nemi izinin maigida ki je, ko ku haɗu ku wakilta dattijuwa mai baki a cikinku. In fita ta yi wuya, ki ba maigida tambayoyin ya tafi da su. Ba faɗa za a je yi ba. Malaman nan da yawansu suna cikin ƙunci, mutum ɗaya a gaban yara fiye da yadda ido zai iya ƙirgawa. Sau da yawa abin da suke jira ke nan, a ce wani ya damu.

Ga shugabanninmu kuwa, da sarakuna iyayen ƙasa, da masu riƙe da ilimi a Dutse, roƙona kada a daina karramawa, a dai faɗaɗa mudun. A yaba wa wadda ta fi kowa sakamako, in an tabbatar da hannunta tsarkakakke ne. Amma a ware kyauta ga makarantar da ta fi ɗaga yaranta daga inda ta same su. A ware wata ga wadda ta fi riƙe 'yan mata daga aji ɗaya har aji shida. A ware wata ga wadda ta fi saurin komawa karatu bayan ambaliya. A gwada ta kwana da ta kwana, ta ƙauye da ta ƙauye. Kyautar kuma ta zama abin da yara za su mora, rijiyar burtsatse ko benci ko littattafai, ba kofin da zai yi ƙura a kan kabad ba. Wadda ta zo ƙarshe kuma kada a tsaya ga yi mata dariya, a je a ga abin da ya same ta, domin yaran cikinta su ma 'ya'yan wasu ne.

Ai muna da abin koyi a gida. Dubi musabaƙar Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato take shiryawa tun 1986, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa baki ɗaya. Yarinya za ta zauna a gaban alƙalai da jama'a, a ja mata baƙi ta ɗora, kowa yana ji. Babu mai rubuta mata a allo. Shi ya sa in aka ce wance ta yi ta ɗaya, zuciya takan kwanta. Dubi kuma Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Matan da ta ɗora wa jagorancin 'yan taru, waɗanda ake kira jaji, sai da ta karantar da su ta gamsu da su sannan ta ɗora musu malfa, suka shiga ƙauyuka suna karantar da mata 'yan uwansu. Girmamawar ta biyo bayan aikin da aka gani da ido, kuma nauyi ce aka ɗora, ba ado ba.

Mu ma a namu matsayin muna iya karramawa. Malamar da ta koya wa 'yarki haɗa baƙi har ta iya karanta miki saƙon waya, kin taɓa aika mata da godiya? Ko kwanon dambu ne, ko ɗan bandar kifi, ko ki tare ta a gidan biki ki ce Malama Allah ya saka da alheri, a gaban mutane. Wallahi wata malamar ta shekara ashirin tana aiki ba ta taɓa jin wannan daga bakin uwa ba. Mun iya tashi mu je makaranta ranar da aka doki yaro, amma ranar da ya iya karatu ba ma zuwa.

Ku kuma 'yan mata da kuke aji huɗu da biyar, ku ji wannan daga bakin yayarku. Kiredit huɗu na guminki ya fi tara na allo. Na guminki za ki iya sake zama ki cike shi, kuma abin da ya shiga kanki babu ruwan da zai tafi da shi, babu kishiyar da za ta ƙwace shi, ko aure ya yi daɗi ko bai yi ba yana nan tare da ke. Ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa tun 2013, ga kwalejin Binyaminu Usman a nan Haɗeja, ga kwalejin horon malamai a Gumel, duk a ƙofar gida. Takarda za ta kai ki bakin ƙofarsu ne kawai, abin da kika sani shi zai zaunar da ke a ciki.

Addininmu ya yi kashedi mai tsanani a kan tauye mudu, har sura guda aka saukar da sunan masu yin haka. In tauye hatsin mutum laifi ne, ina ga tauye ilimin ɗansa, a kuma ba shi takarda a ce an cika masa? Amanar nan tana wuyan hukuma, tana wuyan malamai, tana kuma wuyanmu mu da muka haife su.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani duniya da lahira. Allah ya saka wa malaman kirki da alheri, waɗanda aka sani da waɗanda ba a sani ba. Allah ya kiyaye garuruwanmu daga ambaliya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin summa amin.